Takalmi Mai Ƙusa: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Da zarar zangon karatu na biyu ya kama, hunturu ya fara ja da baya, sai makarantun sakandare su shiga shirye-shiryen gasar wasanni ta tsakanin gidaje. Akan zana layuka da farar ƙasa ko toka a filin makaranta, a kafa rumfuna, a gayyato iyaye da manyan gari. A irin wannan rana ba a rasa ɗalibi guda da zai fito layin tseren mita 100 sanye da takalmi mai ƙusa, mai sheƙi, wanda wani ɗan'uwa ya aiko masa daga birni, ko kuwa aka tsinto masa a kasuwar gwanjo. Sauran yara da ke tsaye ba takalmi, ko da ɗan kambas ɗinsu, sukan karaya tun ba a busa usur ba. Amma sau da yawa abin da ke biyo baya yakan ba 'yan kallo mamaki. Mai takalmin zai tashi yana ɗosana ƙafa kamar wanda ke taka ƙaya, ya ƙare a na huɗu ko na biyar, washegari kuma a gan shi yana jan ƙafa zuwa aji saboda ciwon dunduniya.

Laifin yana ga yadda aka zaɓi takalmin. Mafi yawan ɗalibai, har da wasu malaman wasanni, suna auna kyawun takalmin tsere da sunan kamfanin da ya ƙera shi, ko tsadarsa, ko gwanin da aka gani da irinsa a talabijin. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi, wani lokaci ma har ya ci lafiyar ƙafa. Abubuwan da ya kamata su yanke hukunci su ne ƙasar da za a taka, da ƙafar da za ta sa takalmin, da kuma irin tseren da za a yi. Idan aka bi wannan ma'auni, za a tarar cewa takalmin da ya fi kowane tauri da tsada, wanda aka ƙera domin zakarun duniya, shi ne mafi ƙarancin dacewa da yaron da jikinsa bai gama girma ba.

Aikin da ƙusa ke yi

Mai gudu ba ya ci gaba sai ya tura ƙasa baya. Wannan ita ce doka ta uku daga cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687, wato idan abu ya tura wani abu, shi ma wancan zai mayar masa da turi daidai da nasa, amma ta kishiyar fuska. Ƙafa na tura ƙasa baya da ƙasa, ita kuwa ƙasa tana cilla jiki gaba da sama. Sai dai turin ba zai yi amfani ba idan ƙafar ta zame. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gudu a kan daɓen siminti da aka jiƙa da ruwan sabulu ya san cewa ƙarfin cinya ba ya tsinana kome muddin tafin ƙafa bai kama ƙasa ba. To aikin ƙusa ke nan: ta riƙe ƙasa a ɗan lokacin da ƙafa ke kanta, domin ƙarfin da tsoka ta fitar ya tafi wajen cilla jiki, kada ya salwanta a santsi.

Wannan ɗan lokaci kuwa gajere ne ƙwarai. Ranar 16 ga Agusta, 2009, a birnin Berlin na Jamus, Usain Bolt na ƙasar Jamaika ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, da taku 41 kacal. Idan gwani irinsa ya kai ƙololuwar saurinsa, ƙafarsa ba ta kai kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa a ƙasa a kowane taku, kuma lokacin da yake yi a iska ya fi wanda yake yi a ƙasa. A shekarar 2000, Peter Weyand da abokan bincikensa a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa babban abin da ya bambanta mai sauri da marar sauri shi ne yawan ƙarfin da yake dankara wa ƙasa a cikin wannan ɗan lokaci, domin lokacin da ƙafa ke ɗauka tana juyawa a iska kusan ɗaya ne ga kowa. Ƙarfin da gwanaye ke sauke wa ƙasa yakan ninka nauyin jikinsu sau da yawa, kuma kusan dukkansa ta gaban tafin ƙafa yake bi. Dalili ke nan da ya sa aka tara ƙusoshin takalmin tseren gajeren zango a gaba, aka bar dunduniyarsa kusan babu soso, tun da ba a yi ta domin ta taɓa ƙasa sosai ba.

Yadda fili ya riƙa sauya takalmi

Tarihin wannan takalmi yana nuna cewa kullum fili ne ke gaba, takalmi na biye. Wajen shekarar 1895 wani matashi mai suna Joseph William Foster ya fara ɗinka takalman gudu masu ƙusa a garin Bolton na Ingila, kuma jikokinsa ne suka kafa kamfanin Reebok a 1958. A wancan zamani ana tsere ne a kan ciyawa ko a kan filin da aka shimfiɗa wa burbushin kwal, saboda haka ƙusoshin dogaye ne domin su nutse su samu abin kamawa. Lokacin da Jesse Owens ya ci lambobin zinariya 4 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, 'yan tsere kan zo da ɗan cebur su haƙa ramukan da za su tokare ƙafa a layin tashi. Sai a gasar Landan ta 1948 aka fara amfani da matokarin tashi a Olamfik.

Babban sauyi ya zo a 1968, sa'ad da aka yi gasar Olamfik a birnin Meziko a kan filin roba mai suna Tartan, inda Jim Hines na Amurka ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.95. Roba ba ta buƙatar doguwar ƙusa, don haka maƙera takalma suka shiga neman sabuwar dabara. Kamfanin Puma ya fito da wani takalmi mai ƙananan allurai 68 da aka jera kamar buroshi. John Carlos ya sa shi a gasar zaɓen 'yan wasan Amurka a watan Satumba na wannan shekara, ya gudu mita 200 cikin daƙiƙa 19.92, lokacin da ya zarce na kowa a duniya, amma hukumar wasanni ta ƙi amincewa da shi saboda takalmin ya saɓa wa ƙa'ida.

Har gobe akwai ƙa'ida. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, wadda tun 2019 ake kira World Athletics, ta ƙayyade cewa ƙusoshin takalmi ɗaya kada su wuce 11. Tsawon abin da ya fito waje daga kowace ƙusa kada ya wuce milimita 9 a filin tsere, in ban da tsallen sama da jifan mashi, inda aka yarda da milimita 12. Kaurin ƙasan takalmin tseren gajeren zango kuma kada ya wuce milimita 20. Idan masu kula da wani fili suka sa iyakar da ta gaza haka domin kare robarsu, tasu za a bi. Haka nan dokar ta yarda ɗan wasa ya yi tsere ba takalmi sam.

Ƙasar da za a taka

Ƙusoshin da ake ɗaurawa iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai siffar dala, mai faɗin gindi da tsinin kai, ita ce ta kowa da kowa, tana aiki a kan roba da ƙasa da ciyawa, kuma ba ta saurin cinyewa. Akwai mai siffar allura, siririya, wadda ke nutsewa cikin roba sosai, shi ya sa masu kula da filaye da yawa ba sa son ta. Akwai kuma mai hawa-hawa kamar matakala, marar tsini sosai, wadda aka yi domin ta danne roba maimakon ta huda ta. Waɗannan biyu na ƙarshe na filin roba ne kawai. A filin ƙasa allura takan lanƙwashe ko ta dakushe cikin 'yan kwanaki.

A nan ne ya kamata malami ya dubi filinsa da idon basira. Manyan filayen wasa na ƙasa da wasu jami'o'i suna da hanyar tsere ta roba, amma mafi yawan makarantun sakandare a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar a kan jar ƙasa, ko rairayi, ko ciyawar da ta bushe suke gasarsu. Da rani jar ƙasa takan ƙeƙashe ta yi tauri kamar daɓe. Idan aka ɗaura ƙusa mai milimita 9 ko 12 a irin wannan fili, ba za ta nutse ba, sai yaro ya zama yana tsaye a kan tsinin ƙarafa. A ɗauka ɗalibi mai nauyin kilo 60 ya dira da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 3, wato kwatankwacin kilo 180. Idan ƙusoshi 6 ne suka ɗauki wannan kaya, kowace ta ɗauki kilo 30 ke nan, kuma ƙarfin zai komo ta cikin takalmin ya daki ƙasusuwan gaban tafin ƙafa a wurare ƙalilan, taku bayan taku. Ban da zafin da za a ji, idon sawu ma ba ya samun natsuwa, domin ƙafar tana lilo a kan tsini, kuma daga nan targaɗe ke zuwa.

Saboda haka, a busasshen fili mai tauri gajeruwar ƙusa mai siffar dala ce ta dace, wadda ba ta wuce milimita 6 ba. Idan filin ya cika tauri har ita ma ba ta shiga, kambas mai ƙasan roba mai gargada ya fi takalmi mai ƙusa amfani nesa ba kusa ba. A kan roba, milimita 6 ta wadatar. A kan ciyawa mai laima ko ƙasa mai taushi, milimita 9 ta fi kamawa. Masu tsawon milimita 12 ko 15 kuwa an yi su ne domin masu tseren ƙetare daji a cikin taɓo, ba su da gurbi a tseren mita 100. Mutane da yawa na zaton cewa gwargwadon tsawon ƙusa gwargwadon sauri. Alhali ƙusar da ta nutse fiye da kima sai an kashe ƙarfi kafin a zare ta, kuma takan sa mai gudu ya yi tuntuɓe idan ya gaji ya daina ɗaga gwiwa.

Ƙafar da za ta sa

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi sama da 100 da ke riƙe da su. Tafin ƙafa a lanƙwashe yake kamar baka, kuma akwai wani faffaɗan zare mai ƙarfi da ya taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, yana yi masa aikin tsirkiya. Idan ƙafa ta dira, bakan yakan ɗan miƙe, agara ma ta miƙe, su adana ƙarfi kamar robar danƙo, sa'an nan su sake shi lokacin tashi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1987 ya ƙiyasta cewa a gudu matsakaici agara kan adana kimanin kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku, bakan tafin ƙafa kuma kimanin kashi 17.

Akwai wuri ɗaya da ƙarfi kan zube, wato gaɓar da yatsu suka haɗu da tafin ƙafa. Idan dunduniya ta ɗaga, wannan gaɓa takan lanƙwashe ta sha ƙarfi, amma kaɗan take mayarwa kafin ƙafa ta bar ƙasa. Domin toshe wannan ɓaraka ne ake sa wani faranti mai tauri, na roba mai ƙarfi ko na zaren kabon, a ƙasan takalmin tseren gajeren zango. Farantin yana rage lanƙwasar yatsu, yana kuma matsar da wurin turi zuwa can gaba. To amma kowane amfani da kuɗinsa. Idan wurin turi ya yi nisa da idon sawu, dole tsokar sha-raɓa da agara su ƙara ƙarfi kafin su ɗaga jiki. Misalinsa kamar babban giyar keke ne. Ƙaƙƙarfan mahayi zai yi nisa da kowace murɗa, amma idan aka ba yaro, ƙafarsa za ta yi nauyi, saurinsa ya ragu, ya gaji tun ba a je ko'ina ba.

An gwada wannan a aikace. A shekarar 2004, Darren Stefanyshyn da abokin aikinsa a Jami'ar Calgary ta Kanada sun sa 'yan tsere gudu da takalma masu tauri daban-daban. Sun gano cewa ƙarin tauri na taimakawa, kuma idan kowa ya samu taurin da ya dace da shi saurinsa kan ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kashi 1 cikin 100 na mita 100 mita guda ne cur, tazarar da kan raba na ɗaya da na huɗu. Amma binciken ya kuma nuna cewa takalmin da ya fi tauri bai zama mafi kyau ga kowa ba. Kowane ɗan tsere da taurin da ya fi masa, kuma ba a iya gane shi ta hanyar duba nauyinsa, ko tsawonsa, ko girman ƙafarsa. Sai an gwada.

Ga ɗalibin sakandare kuma akwai wani batu da ya fi sauri muhimmanci. Ƙasusuwan yaro suna girma ne ta wasu wurare masu guringuntsi da ba su gama daskarewa ba. Ɗaya daga cikinsu yana bayan ƙashin dunduniya, daidai inda agara ta manne, kuma ba ya gama haɗewa sai yaro ya kai shekara 14 zuwa 16 ko kusa da haka. Idan aka yawaita jan wannan wuri sai ya kumbura ya yi ciwo, lalurar da wani likitan Amurka, James Warren Sever, ya bayyana a 1912, wadda ta fi kama yara masu wasanni 'yan shekara 8 zuwa 14. Takalmi mai faranti mai tauri, marar soson dunduniya, a kan busasshiyar ƙasa, ya tara duk abubuwan da ke tayar da wannan ciwo. Yaron da ya kamu yakan yi makonni, wani lokaci watanni, ba ya iya gudu, kuma da yawa daga nan suke barin wasan baki ɗaya.

Tseren da za a yi

Ba duk tseren gajeren zango ne ɗaya ba. Mita 100 a miƙe ake yin sa, don haka shi ne ya fi karɓar takalmi mai tauri, mai ƙusoshi 6 zuwa 8. A mita 200 da 400 akwai kwana, inda jiki ke karkata hagu, ƙafa kuma ke buƙatar takalmin da zai ɗan murɗa tare da ita. Mai gudun mita 400 yakan yi kusan minti guda a kan yatsu idan ɗalibi ne, kuma a mita 100 na ƙarshe, lokacin da tsoka ta gaji, dunduniya kan fara sauka. Mai tsallake shinge shi ma yana dira da ƙarfi a bayan kowane shinge. Duk waɗannan sun fi jin daɗin takalmi mai ɗan sassauci da ɗan soso a dunduniya. Takalmin da aka ƙera domin matsakaicin zango, wato mita 800 zuwa 1,500, haka yake, shi ya sa ya fi cancanta ya zama takalmin farko na ɗalibi. Da shi zai iya gwada mita 100, ya gwada 400, ya shiga tseren miƙa sanda, ya yi dogon tsalle, kafin a san inda baiwarsa ta fi karkata.

Wanda ke ganin sa irin wannan takalmi ragon kaya ne, ya dubi abin da ya faru a birnin Eugene na Amurka ranar 24 ga Yuli, 2022. A wannan rana Tobi Amusan ta Nijeriya ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge, cikin daƙiƙa 12.12, sa'an nan ta ci zinariya a zagayen ƙarshe. Takalmin da ke ƙafarta, Adizero Avanti na kamfanin Adidas, an ƙera shi ne domin masu tseren dogon zango. Ta bayyana cewa ciwon ƙafa da ya dame ta a farkon kakar wasannin ne ya sa ta koma ga takalmi mai taushi. Da ta bi abin da aka rubuta a jikin kwali ta sa mai tauri, da wataƙila ciwon ya hana ta zuwa gasar ma.

Masu cewa sabon takalmi ya canja kome

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Daga wajen 2019 kamfanoni suka fara fito da takalma masu haɗa farantin kabon da sabon soso marar nauyi mai mayar da ƙarfi, wasu ma har da 'yan jakunkunan iska a ƙarƙashin yatsu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Karsten Warholm na ƙasar Nowe ya gudu mita 400 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 45.94, Rai Benjamin na Amurka ya biyo shi da 46.17, dukansu biyu sun zarce tsohon tarihin duniya, kuma an yi ta muhawara a kan rabon da takalma suka samu a wannan bajinta. Saboda haka sai a ce, in dai kimiyya ta samar da abin da ke ƙara sauri, me zai sa a hana yaro mai hazaƙa?

Amsar tana cikin bayanan da suka gabata. Waɗannan takalma an ƙera su ne domin filin roba, kuma sosonsu da jakar iskarsu ba sa jure tsakuwa da tsidau. An gwada su ne a ƙafafun manya da suka shekara goma ko fiye suna ƙarfafa sha-raɓa da agara. Amfanin da suke bayarwa ɗan kaɗan ne, wanda ke da daraja ga wanda ya riga ya gyara duk sauran abubuwa. Ɗalibin da ke gudu mita 100 cikin daƙiƙa 13 zai iya zaftare rabin daƙiƙa ko fiye ta hanyar koyon tashi, da gyara kaɗa hannu, da motsa jiki a kai a kai, abin da babu takalmin da zai ba shi. Ya kuma kamata a tuna cewa lokacin da Bolt ya kafa a 2009 da takalmin da ya riga waɗannan sababbi, har yanzu ba wanda ya kai shi.

Akwai kuma masu ja ta ɗaya ɓangaren, masu cewa tun da Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Roma a 1960 ba takalmi, to yaran karkara ma ba su buƙatarsa. Gaskiya ne ƙafar da ta saba tafiya ba takalmi takan yi ƙarfi, kuma a busasshen fili mai tsabta yaro ba takalmi zai iya kayar da mai ƙusar da ba ta dace ba. Amma gudun Bikila na juriya ne, ba ya neman irin kamun ƙasa da tashi daga matokari ke nema. Ban da haka, ranar da yaron ya ci gasar makarantarsa aka kai shi ta jiha a filin roba, zai tarar da roba mai zafi da rana, mai goge fata, da abokan karawa da suka saba da ƙusa. Idan a ranar ce ya fara sa takalmin, an makara.

Awo, saye da sabo

Takalmin tsere ya kamata ya kama ƙafa fiye da takalmin makaranta, ba tare da ya murƙushe yatsu ba. Ɗan sarari kaɗan a gaban babban yatsa ya isa, kuma dunduniya kada ta riƙa fita idan an ɗaga ta. Al'adar saya wa yaro babban takalmi domin ya girma a ciki ba ta da muhalli a nan, domin idan ƙafa na yawo a ciki, ƙusa ta kama ƙasa ke nan amma ƙafa ta zame, ga bororo, ga farce na mutuwa. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a sa ƙafafu biyu, domin sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. A kuma lanƙwasa takalmin da hannu. Idan babba ya yi da gaske bai lanƙwasu ba, to ya fi ƙarfin yaro ɗan aji biyu.

Ba aibi ba ne sayen na gwanjo, muddin an duba abu huɗu: farantin bai tsage ba, saman bai rabu da ƙasan ba, ramukan ƙusa ba su cinye ba, kuma ƙusoshin suna kwancewa da mabuɗinsu. Takalmin da ƙusarsa ta yi tsatsa ta liƙe ba shi da amfani, tun da ba za a iya sauya ta daidai da fili ba. Bayan kowane gudu a kakkaɓe ƙasa, a kwance ƙusoshi lokaci-lokaci a ɗiga musu ɗan mai, kuma kada a taka siminti ko kwalta da su.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya samu sabon takalmi ya fara da 'yan gajerun gudu na mita 30 zuwa 50, sau biyu a mako, bayan ya ɗumama jiki da kambas, ya riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Idan dunduniya, ko agara, ko ƙwauri suka fara ciwon da ke kwana, a ajiye takalmin a ga ma'aikacin lafiya. Wanda kuma ƙusa ta yanka, nasa ko na wani, a wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba batun allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zaune.

Kammalawa

Nauyin wannan al'amari ya fi rataya a wuyan malamai da shugabannin makarantu, domin yaro abin da ya burge idonsa yake so. Makarantar da ke da ɗan kuɗin wasanni ta fi cin riba idan ta sayi takalma masu sassauci guda goma, masu girma daban-daban, da ƙusoshi masu siffar dala na milimita 6 da na 9, da mabuɗi biyu ko uku, a kan ta zuba kuɗin duka a takalmi biyu na zakaru. Kafin ranar gasa a share fili, a tsince duwatsu da ƙaya, a yayyafa ruwa idan da hali, sa'an nan malami ya gwada ƙusa a ƙasar da kansa kafin ya ɗaura wa yara. Malamin kimiyyar halittu da na fiziks su ma suna da rabo a nan, domin da wuya a samu darasin gogayya, da matsi, da aikin tsoka da jijiya, wanda zai zauna a kan ɗalibi kamar wanda aka koyar da takalmi a hannu a bakin fili.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Takalmin da aka ɗinka domin ƙafar wani da filin wani ba zai mayar da kowa gwani ba. Ɗalibin da ya san filinsa, ya san ƙafarsa, ya zaɓi abin da ya yi daidai da su, shi ne zai gama wannan gasa lafiya, ya kuma dawo layin tashi baɗi da ƙafa biyu masu ƙarfi.